Idon da Ba Ya Ganin Rabi

Ranar nan wasu samari suka same ni ina ɗaure kaya a bayan adaidaita. Ɗaya daga cikinsu ya ce wai shi ma yana son ya shigo sana'ata, don ya lura babu wani aiki a cikinta: ka kunna talabijin, yara su yi ta tsalle, kai kana zaune a inuwa kana kaɗa ƙafa. Na dube shi daga sama har ƙasa, na ce ya fara ɗora mini janareta tukuna. Ya ɗaga, ya sauke, ya ce dama bayansa na ciwo. To ku matso, ku da shi, in ba ku labarin wata yarinya, Rabi, wadda na'urata ta ƙi gani ƙememe, aka shafe watanni ana fama.

Sunana Sabo, amma daga Kura har Bunkure in ka ce Sabo ba wanda zai gane, sai ka ce Baba Mai Rawa, alhali ni ko taku ɗaya ban iya ba. Kayan aikina ba su da yawa. Akwai talabijin babba, da akwatin gem ɗin kansa, da lasifika, da janareta, da wani ɗan abu baƙi da bai wuce tafin hannu ba, wanda ake ɗorawa a kan talabijin, muna ce masa ido. Wannan idon shi ne sana'ar. A cikin talabijin dabbobi ne na zane, su kwaɗo da zomo da giwa, suna rawa ana kiɗa. Yaro zai tsaya a gaba yana kwaikwayonsu, ido yana bin hannunsa da ƙafarsa. In ya yi daidai sai tauraro ya kunnu a gefe. Taurari biyar ne ƙarshe, kuma ba kasafai ake cika su ba.

Ban tashi da wannan aikin ba. Gyaran injin ban ruwa na koya, na yi shekaru ina kwance kabireta a bakin kanal. Wata rana aka kira ni Kumbotso in duba janareta da ta ƙi tashi, a shagon wani mutumin Filato, Oga Bitrus, gajere mai tumbi, mai yawan dariya da saurin faɗa. Na gyara, na ja igiya, wuta ta kawo, sai na ga yara sun ruga sun hau wata tabarmar roba mai kibiyoyi suna tattakawa, talabijin na ta ihu. Na tsaya da sifana a hannu na saki baki. Har aka rufe shagon ban tafi ba. Washegari na dawo na ce masa ya koya mini.

Na zaci maɓallai zai nuna mini. Tsintsiya ya miƙo mini. Na yi makonni ina share fili, ina yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, ina zana layi da toka inda masu kallo za su tsaya. Da na nuna gajiya ya ce, "Sabo, na'ura ko ɗan goye zai kunna ta. Yaran nan su ne aikin. In ba ka iya tsayar da yara talatin a layi ba tare da an fasa wa wani baki ba, koma wajen injinanka."

Aikin farko da ya sake ni ni kaɗai, nan wajenmu na kawo tabarmar, na shimfiɗa a gindin wata darbejiya kusa da gadar kanal. Yaran Kumbotso da silifas suke zuwa, su cire su hau. Namu kuwa daga wanka a kanal suka fito, wasu daga dashen shinkafa, ƙafafu caɓa-caɓa da laka. Kafin la'asar kibiya biyu sun mutu. Da na mayar, Oga Bitrus ya ɗaga tabarmar ya sansana, ya ce, "Noma ka yi da ita?" Daga ranar na fara yawo da bokiti da tsumma, duk wanda zai hau sai ya wanke ƙafa. Iyaye mata suka rinƙa aiko mini da gaisuwa, wai in rinƙa zuwa kullum, don ba su taɓa ganin 'ya'yansu na rige-rigen wanke ƙafa ba. Tabarmar dai ba ta yi tsawon rai ba, kuma irinta ta daina samuwa. Lokacin da na tsaya da ƙafata, mai ido na saya.

Mai ido kuwa tana da tsirfa. Ba ta son rana ta doke ta a fuska, don haka sai ka san inda rana za ta faɗi kafin ka sauke kaya. Ba ta son ƙaiƙayin injin casa, in ka kafa kusa da inda ake cashe shinkafa, yanzu ido zai yi hazo. In wani ya gitta ta bayan mai rawa, sai ta sake shi ta kama mai gittawar. Akwai ranar da ta bar wani yaro yana tsakiyar juyi ta koma bin mai tallan rake. Kai kuma dole ka san waƙoƙin ciki ɗaya bayan ɗaya, ka san wadda uba zai ji ya wuce da wadda zai ji ya tsaya ya haɗe rai. Ƙanana su ake fara sakawa, in ba haka ba manya ba za su bar su ba har dare. Ana kiran sallah ka kashe, ko da yaro na kan tauraro na huɗu ne. Wanda ya tashi ba tauraro ko ɗaya, ka san abin da za ka ce masa kafin hawaye su zubo. Duk wannan ina ganin na ƙware, sai shekarar tsutsa ta zo.

Waɗanda suka yi noman tumatir a lokacin ba sai na tuna musu ba. Gona ta yi kore shar, ka kwana ka tashi ka tarar da ganye kamar an babbake. Kwanduna suka yi ta zama a jibge ba abin zubawa. Yaran da ke zuwa wajena, yawancinsu da ɗan abin da suka samu a tsinkar tumatir suke zuwa, to babu tsinka. Layin da ke kaiwa har bakin gada ya koma 'yan tsiraru. Wata Juma'ar ma sai in kunna in kashe ban mayar da kuɗin fetur ba. Amma ban fasa zuwa gindin darbejiyar nan ba, don in yara suka zo sau biyu ba su gan ka ba, sun manta da kai.

Raguwar layin ita ta ba Rabi hanya. 'Yar Malam Garba ce, wani manomin shinkafa a garin da ke bakin gadar, tana ajin ƙarshe na firamare, doguwa siririya, kullum cikin hijabi ruwan toka har ƙasa. Ta daɗe tana zuwa, amma rakiyar ƙannenta take yi, ta tsaya can baya riƙe da takalmansu. Ni dai na lura duk waƙar da aka saka, gefen hijabin nan yana motsi daidai da kiɗa. Ta haddace rawar kowace dabba. In yaro ya kuskure sai ka ji muryarta daga baya, "Hagu, Sani, hagu! Kai, wannan ai dama ce!" Da can maza ba sa barin mace ta kai gaba, ture-ture ya yi yawa. Ranar da fili ya yi sarari, sai ga ta a gabana.

"Baba, ni ma zan yi. Ta kwaɗo."

Ta tsaya a kan alamar toka, na saka waƙa. Ni da na ga yara ba adadi, ban taɓa ganin wanda ya shiga kiɗa kamar yarinyar nan ba. Kwaɗo ya ɗaga hannu ta ɗaga, ya duƙa ta duƙa, ya yi tsalle gefe ta riga shi sauka. Amma gefen talabijin wayam. Tauraro ko ɗaya bai kunnu ba. Can ma sai waƙar ta tsaya da kanta, kwaɗo ya riƙe ƙugu yana waige-waige, alamar yana jiran wani ya zo ya tsaya, alhali ga mutum a gabansa yana haki.

Yara maza suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Wallahi Rabi aljana ce, ba ta fitowa!"

Ba ta ko kalle shi ba. Ta ce, "Baba, a sake."

Na sake, haka. Na goge ido da gefen rigata, na sake, haka. Na kira ƙaninta Sani, wani ɗan ƙiriniya da bai san hagu da dama ba, ya tsaya yana wutsil-wutsil, nan take aka ba shi tauraro biyu. Ƙawayen Rabi suka gwada, su ma ba wadda ta fito. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Kafin mako ya zagayo, labari ya cika gari. Wasu suka ce Turawan da suka ƙera na'urar ne suka hana ta ganin mata. Iya Tabawa, wata tsohuwa mai suyar awara kusa da inda nake kafawa, ta ce, "Ku bar na'urar Sabo. Ta fi samarin garin nan tarbiyya, ba ta kallon 'ya'yan mutane." Kowa ya yi dariya har da ni, amma ban da Rabi. Kowace Juma'a sai ta zo, ta tsaya, ta yi rawar daga farko har inda kwaɗo zai riƙe ƙugu. Ni kuwa ba abin da ban gwada ba. Na juya talabijin gabas, na juya ta yamma. Na rataya farin zani a bayanta. Na ɗora ido a kan kujera, na sauke shi ƙasa. Na ɗauki kayan kacokan na kai wa Oga Bitrus, ya buɗe ya hura, ya rufe, sannan ya tsaya da tumbinsa ya yi rawar giwa, aka ba shi tauraro uku. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Ko dai yarinyar ce ba ta iya ba?" Na ce masa in ya ga rawarta zai ji kunyar wannan tambayar.

Wata Juma'a bayan an watse, ina naɗe waya, ta dawo ita kaɗai ta durƙusa gefe.

"Baba, na ci jarrabawa. Bayan Babbar Sallah za a kai ni makarantar kwana."

Na ce, "Alhamdu lillahi! Allah ya sa albarka."

Ta ce, "Amin. Amma in na dawo hutu na zama babba, ba zan tsaya cikin yara ina rawar kwaɗo ba. Ni tauraro ko ɗaya ne nake so kafin in tafi. Duk maza sun samu, har Sani."

Na ce mata in sha Allahu. Ta tafi, ni kuma na zauna a kan janareta ina tunanin yadda na yi alkawarin abin da ban san ta inda zan ɓullo masa ba.

A shekarar, duk aikin da ya samu karɓa nake, ko ina ne. Wani aboki na Oga Bitrus ya kira ni Kadawa, cocinsu na bikin godiyar amfanin gona, duk da amfanin bai taka kara ya karya ba, suna son abin da zai ɗebe wa yara kewa. Na kafa a harabar. Sai ga 'yan mata ƙanana cikin rigunan bikinsu, suka shiga layi. Na fara shirya haƙurin da zan ba su. Ta farko ta tsaya, kiɗa ya tashi, tauraro ya kunnu. Ta biyu ma haka. Wata 'yar ƙarama mai kitso da ƙyalle ja ta ci huɗu, uwarta ta ɗaga ta sama. Na koma gida ina magana ni kaɗai a hanya. Ashe ba mata ne ba ta gani ba. To mene ne?

Amsar a wajen wani biki na same ta a Bunkure. Don yara aka kira ni, amma abokan ango suka ga abin ya ba su sha'awa. Wani ƙato cikinsu, ya sha babbar riga mai aiki ta ci sitati, ya ture yara ya ce a saka masa ta giwa. Ya buɗe hannuwa, riga ta baje kamar an shanya ta. Ya yi juyi, ya yi girgiza, giwa ta tsaya ta riƙe ƙugu tana waige-waige. Abokansa suka yi masa ihu. Zuciya ta ɗebe shi, ya tuɓe babbar rigar ya jefa wa wani, ya tsaya daga shi sai 'yar ciki da wando zai yi mini masifa. Yana ɗaga hannu zai nuna ni, ido ya cafke shi, waƙa ta ci gaba. Na zauna a ƙasa ina dariya har da hawaye. Mutumin ya zaci shi nake yi wa, da kyar aka ba shi haƙuri. Idon nan hannu yake nema da ƙafa. In tufa ta rufe su ta zama abu guda daga wuya har ƙasa, a wajensa labule ne ke motsi.

Murnata ba ta kai gida ba. Na gano ciwon, amma maganin fa? Ba zan buɗe baki in ce wa 'yar mutane ta cire hijabi a bakin gada ba, gaban masu babur da masu wucewa gona. Ko na faɗa ba za ta yi ba, kuma ranar ce ƙarshen zuwana garin. Na zayyana wa matata Hinde duk abin da ke nan, tana tsince shinkafa a faranti. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "To ku shigar da ita cikin gida mana, inda ba maza."

Na ce, "Ni ɗin mace ce? Wa zai kunna?"

Ta ajiye farantin. "Malam, ni ba ni da hannu ne?"

Hinde fa ko kusa da janareta ba ta zuwa, ta ce tana ja. Amma ta ɗaura ɗamara. Kullum da yamma sai in kafa kaya a tsakar gidanmu in koya mata yadda Oga Bitrus ya koya mini, da tsintsiyar da tokar duka. Wannan wayar nan take shiga, wannan maɓallin shi ne farko, in kwaɗo ya riƙe ƙugu ga abin da za ki duba. Ta ce ba za ta saka 'ya'yan mutane abin da ba ta ɗanɗana ba, ta gyara ɗaurin zani ta yi rawar zomo, ta ci tauraro biyu, ta rangaɗa wa kanta guɗa. Maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko haihuwa aka yi.

Saura mai gida. Na sami Malam Garba a gonarsa, ya naɗe wando yana buɗe wa shinkafa ruwa. Muka gaisa, na tambayi ruwa, na tambayi iyali, na yi masa murnar jarrabawar Rabi, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dogara da fartanya ya daɗe yana kallona.

"Malam Sabo, rawa? A gidana?"

Na ce, "Rawar kwaɗo ce, Malam. Mata zalla, iyalina ce za ta shiga. Ni ina waje tare da kai, waya kawai za ta haura katanga."

Ya girgiza kai. "Yarinyar nan ta hana mu sakat. Tana tuƙa tuwo tana ɗaga ƙafa. Uwarta ta ce ko a barci hannunta motsi yake." Ya toshe wata kafar ruwa da laka, sannan ya ce, "Sau ɗaya. Washegarin Sallah, bayan la'asar. Kada a ƙure sauti. Kuma ana kiran magariba a kashe, ko an gama ko ba a gama ba."

Yau rabin aikina haka yake, Hinde a ciki da 'yan mata, ni a waje da janareta, har ta fi ni suna a wasu garuruwan. Amma wannan ita ce ta farko, kuma ban san me zai faru ba. Na haɗa wayoyi biyu na tsohon aikina na injin ruwa, na naɗe mahaɗar da kyau, na jefa ta kan katanga. Mata suka yi ta shigar da kaya ta zaure. 'Yan matan unguwar kaf suka ɗura cikin gidan, da kwalliyar Sallah da lalle, ƙanshin suyar nama ya cika ko'ina. Aka kori yara maza, suka jeru a gindin katanga suna cizon yatsa. Malam Garba ya shimfiɗa mana tabarma a ƙofar zaure, ya zauna da carbi, fuska ba yabo ba fallasa.

Daga waje ba ni da komai sai kunne. Kowane tauraro in ya kunnu yana ɗan ƙara kamar ƙararrawar keke, ƙarar da a da ban cika kula da ita ba tunda ina gani da idona. Na ja igiya, janareta ta tashi. Can na ji kiɗan zomo. Hinde ta bi ƙa'ida, ƙanana ta fara sakawa. Na kasa kunne. Sai waƙa ta yi ta tafiya tana tsayawa, ga ƙararrawa guda ta buga a inda bai kamata ba.

Muryar Hinde ta haura katanga. "Malam! Tana ba da tauraro, amma ba wa yarinyar take ba ba!"

Na miƙe na ɗaga murya. "Akwai wanda ke tsaye a bayanta?"

"Ba kowa!"

"Akuya fa?"

"An ɗaure!"

"To me ke bayanta? Duba da kyau!"

Sai gidan ya kece da dariya gaba ɗaya. Hinde da kyar ta iya magana. "Kayan Sallar mai gida ne a kan igiya! Jamfa da wando, iska na kaɗa su!"

Na juyo na kalli Malam Garba. Ya ce, "Me ta ce?" Na ce, "Malam, jamfarka ta ci tauraro ɗaya." Ya yi ƙoƙarin riƙewa, abin ya fi ƙarfinsa, ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa.

Aka kwashe shanya, abu ya daidaita. Ƙararrawa ta fara bugawa yadda ya kamata, ɗaya, biyu, wata uku, kowace da ihun murna a bayanta. Na ji daɗi ƙwarai. Amma ina kallon rana tana sauka kan gonakin shinkafa, ina kuma jin muryar Rabi tana ta, "Hagu, Ummi, hagu!" Ita da aka yi taron dominta, ta tsaya tana gyara wa ƙanana. Na ɗaga murya na ce, "Hinde, lokaci! A sa Rabi!"

Kiɗan kwaɗo ya tashi. Bai yi nisa ba janareta ta yi tari. Ta sake tari, ta yi shiru. Na buɗe tanki na leƙa, ƙaf. Ɗan fetur ɗin da na iya saya a wannan shekarar, rigimar jamfa da layin ƙanana sun shanye shi. Cikin gida ya yi tsit. Mai sayar da fetur yana can bakin titi, kafin a je a dawo an kira sallah. Na tsaya riƙe da murfin tanki.

Malam Garba ya ajiye carbi. Ya shiga zaure, ya jawo injin ban ruwansa da ke jingine a lungu, wanda ya cika da fetur don ban ruwan safe. Ya zaro ɗan tiyo, ya zuƙa da baki, ya tofar, ya tara a galan, ya miƙo mini.

"Yi sauri, Malam Sabo. Ladan ya wuce masallaci."

Na zuba, na ja igiya, ta tashi a ja na biyu. Yanzu sai a sake kunna komai daga farko, kuma ba ni ne a gaban maɓallan ba. Na jingina da katanga ina karanto su a zuciyata ɗaya bayan ɗaya, kamar Hinde na jina. Sai ga kiɗan kwaɗo.

Ƙararrawa ta farko ta buga tun ba a je ko'ina ba. Gidan ya ɗauki ihu. Na ce a raina, alkawari ya cika, ko yanzu wuta ta ɗauke na fita. Ta biyu ta biyo. Ta uku. Yaran da ke gindin katanga suka miƙe tsaye. Na saci kallon Malam Garba, na ga yana lanƙwasa yatsu a kan gwiwarsa. Ta huɗu ta buga, sai ihun ya mutu, ba ka jin komai sai kiɗa da sautin ƙafa a kan daɓe. Na san waƙar nan kamar tafin hannuna. A ƙarshenta kwaɗo yana yin tsalle gefe, ya juya, ya sauka a ƙafa ɗaya, kuma a nan kowa ke zubewa. Kiɗa ya kai wajen. Na rufe ido.

Ƙararrawa ta buga.

Guɗar da ta tashi a gidan nan, na tabbata an ji ta har bakin gada. Malam Garba ya dube ni.

"Nawa ke nan?"

"Biyar, Malam."

"Ƙarshen nawa ne?"

"Biyar ɗin."

Ya gyara zaman hularsa, ya yi gyaran murya, ya ce, "To, madalla." Ladan ya ɗaga murya, na kashe janareta.

Muna shirin alwala sai ga ta ta fito ta zaure, cikin hijabin nan ruwan toka har ƙasa, kamar yadda na saba ganinta. Tana ta haki, gumi na bin goshinta. Ta durƙusa ta gaida mahaifinta, sannan ta juyo wajena. Ni ban ga rawar ba, kuma ba zan taɓa ganinta ba. Na ce, "Rabi, yaya aka yi?"

Ta buɗe baki za ta yi bayani, dariya ta hana ta. Ta share ido da gefen hijabi.

"Baba," ta ce, "ta gan ni."